Adon Kirsimeti da Ɗanyen Ganye: Asalinsa da Yadda Za Mu Yi Shi

Da zarar watan Disamba ya kama, matasa da matan zumunta sukan fara shirin ƙawata majami'a. A wasu ikilisiyoyi akan tara kuɗi a aika birni a sayo itacen roba da fitilu masu walƙiya. A wasu kuma samari sukan ɗauki adda da gatari su shiga daji, su saro ƙaramin itace sukutum, bayan mako biyu a jefar da shi a juji. Dukanmu muna so ɗakin sujada ya yi kyau ranar tunawa da haihuwar Mai Ceto. Amma in mun san inda wannan al'ada ta fito, za mu iya yin adon ba tare da cin bashi ko ɓarnar itatuwa ba.

Daga ina itacen Kirsimeti ya fito?

Littafi Mai Tsarki bai umarce mu mu kafa itace a Kirsimeti ba. Al'ada ce ta Kiristocin Turai, musamman masu jin Jamusanci. A can Disamba lokacin sanyi ne mai tsanani. Dusar ƙanƙara takan rufe gonaki, yawancin itatuwa kuma su kakkaɓe ganye. Waɗanda sukan rage kore shar su ne dangin wani itace da ake kira fir, mai ganye sirara kamar allura. Saboda haka mutane suka ɗauke shi alamar rai wanda ba ya ƙarewa.

A zamanin dā, ranar 24 ga Disamba, akan yi wasan kwaikwayo na labarin Adamu da Hauwa'u, a kafa itacen fir a rataya masa tuffa a matsayin itacen gonar Adnin. Sannu a hankali sai itacen ya shiga gidaje. Wani rubutu na shekarar 1605 ya nuna mutanen birnin Strasbourg suna kafa shi a ɗaki, suna yi masa ado da furannin takarda da tuffa da kayan zaƙi. A 1848 wata jarida a Ingila ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albert, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da itacen. Wannan zane ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa al'adar a Ingila da Amurka.

Akwai abin lura a nan. A littafin lissafin garin Sélestat, wanda yau yake cikin Faransa, an rubuta a 1521 cewa an biya masu gadin daji lada domin su tsare itatuwa a kwanakin da ke gab da Kirsimeti. Wato tun shekara 500 da suka wuce, masu al'adar da kansu sun gane cewa in kowa ya sari son ransa, daji zai ƙare. Yau ma yawancin ɗanyun itatuwan da ake sayarwa a Turai da Amurka noma su ake yi a gona, a jira shekara bakwai zuwa goma kafin a sare, a kuma dasa wasu a gurbinsu.

Kambin ganye mai kyandir

Shi kuwa kambin ganye mai kyandir huɗu, a gidan yara marasa galihu aka fara shi. Wani ma'aikacin bishara, Johann Wichern, yana riƙon irin waɗannan yara a birnin Hamburg na Jamus. Kullum sai su dame shi da tambaya: yaushe ne Kirsimeti? A 1839 sai ya ɗauki tsohuwar ƙafar amalanke, ya jera mata kyandir, ƙanana domin ranakun mako, manya huɗu domin ranakun Lahadi. Kowace rana a kunna ɗaya, yara suna ƙirga kwanakin da suka rage. Daga baya ne aka fara naɗe ta da ɗanyen ganye, aka kuma rage kyandir zuwa huɗu.

Abin da za mu koya

Waɗannan mutane ba su sayo kome daga nesa ba. Abin da ke ƙofar gidansu suka ɗauka. Haka ma wasu Kiristocin Indiya suke yi wa itacen mangwaro ko ayaba ado. Mu ma Disamba lokacin hunturu ne: ciyawa ta bushe, kuka ta zubar da ganye, hazo ya rufe sama. Duk da haka mangwaro da dogon yaro da giginya da dabino suna nan kore. Ga kuma gawo, wanda kowane manomi ya sani yana fid da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa suka tsaya tsirara. Ba mu rasa alamar rai a ƙasarmu ba. Abin da ya rage shi ne mu yi amfani da ita ba tare da mun kashe ta ba, gama itacen da aka sare cikin minti goma ya yi shekaru yana girma, kuma inuwa ce da abincin dabbobi da makarin iska muka rasa.

Ga wasu hanyoyi:

• Mu yi wa itace mai rai ado inda yake tsaye a harabar majami'a. Yaran makarantar Lahadi za su iya yanka taurari daga tsohon kwali, su rataya zangarniyar dawa da gero, da ƙananan ƙore, da ƙyallayen da tela ya rage.

• In muna son ganye a cikin ɗaki, mu yanki ƙananan rassa kaɗan-kaɗan daga itatuwa da yawa, da wuƙa mai kaifi, bayan mun nemi izinin mai itacen. Kada a taɓa kan giginya ko na dabino, domin in aka yanke tohon da ke tsakiya itacen zai mutu.

• Domin kambi, a lanƙwasa ɗanyen reshe ya zama zobe, a ɗaure ganyen mangwaro a kai da zare ko kaba. A haɗa shi kwana ɗaya ko biyu kafin bikin, gama iskar hunturu tana busar da ganye da sauri.

• Mu kiyayi wuta. Busasshen ganye da kyandir da rufin ciyawa ba sa zama wuri ɗaya. A kafa kyandir cikin kwanon yashi, nesa da labule da hannun yara, a kashe kafin a rufe ƙofa. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi aminci.

• Mu sa dashen mangwaro ko gwaiba cikin bokiti, mu yi masa ado a gaban bagadi. Bayan biki a danƙa wa iyali ɗaya su riƙa ba shi ruwa, a dasa shi in damina ta sauka, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Tambayoyi domin tattaunawa

Nawa ikilisiyarmu ta kashe a kan ado bara, kuma ina kayan suke yanzu? Waɗanne itatuwa ne dattawa suka sani a garinmu waɗanda babu su yau? In muka dasa itace ɗaya kowace Kirsimeti, yaya harabar majami'armu za ta zama bayan shekara goma? Wa zai ɗauki nauyin dashen bana?