Ruwan ƙarshen hunturu ya ci gonaki da shanu a jahar Nebraska ta Amurka

A ƙasashen da ake sanyi mai tsanani, manomi ba ya jin tsoron tsakiyar hunturu kamar yadda yake jin tsoron ƙarshensa. Cikin tsakiyar hunturu duk ruwan da ya sauko daga sama daskarewa yake yi, ya zama dusar ƙanƙara, ya kwanta bisa gonaki yana jira. Ranar da iska mai ɗumi ta buso, ruwan wata biyu ko uku sai ya tashi tafiya lokaci guda. Abin da ya sami manoma da makiyayan jahar Nebraska ke nan cikin watan Maris na shekara ta 2019.

Nebraska tana tsakiyar ƙasar Amurka. Ƙasar masara ce da waken soya da kiwo. Mutanenta a lokacin ba su cika miliyan 2 ba, amma shanunta sun haura miliyan 6, watau kowane mutum guda yana da fiye da saniya uku idan an raba. Manyan gulabenta su ne Misuri, wanda ya yi mata iyaka daga gabas, da Filat, da Elkon, da Nayobarara a arewa.

Watan Fabrairu na wannan shekara ya zo da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. A birnin Omaha kaɗai dusar ƙanƙarar da ta zuba cikin watan ta kusa santimetir 70, abin da ba a taɓa rubutawa ba a wani Fabrairu. Ƙasa ta daskare har can ciki. Bayan gulabe ya rufe da ƙanƙara mai kauri. Duk manomin da ya san fako ya san abin da wannan ke nufi: wurin da ƙasa ta yi tauri, ko ruwa ya kwana yana zuba ba ya shiga, gangarewa yake yi ya nemi kwari. Daskararriyar ƙasa ta fi fako tauri, kuma a nan jaha guda ce ta zama fako.

Yadda hazo ke cin ƙanƙara

Ya kamata mai karatu ya bambanta hazon can da hazon da aka sani a lokacin ɗari. Nasu ba ƙura ba ce. Tururin ruwa ne. Idan iska mai ɗumi da laima ta bi ta bisa dusar ƙanƙara, sai ta huce, tururin da ke cikinta ya koma ƴan ƙananan ɗigo masu yawo kusa da ƙasa, har mai mota ya kasa ganin gabansa. Mutanen can sukan ce hazo yana cin ƙanƙara, kuma maganar tana da tushe. Duk sa'ad da tururi ya koma ruwa, zafi yake saki. Kilo guda na tururi idan ya kwanta bisa ƙanƙara, zafinsa ya isa ya narkar da kilo 7 nata. Shi ya sa kwana guda na iska mai laima ya fi kwana da yawa na rana tsantsa saurin kwashe dusar ƙanƙara daga gona.

Ran 13 ga Maris wata babbar guguwa ta taso daga wajen jahar Kolorado. A yammacin Nebraska ta zo da dusar ƙanƙara da iska mai kayar da mota. A gabas kuwa ta zo da ɗumi da ruwan sama. Ruwan ba wani mai yawa ba ne, milimetir 25 zuwa 75 a mafi yawan wurare, abin da hadari guda na watan Agusta kan zubar. Amma ya faɗi bisa dusar ƙanƙara ya narkar da ita, su biyu suka haɗu suka gangara, ƙasa ba ta sha komi ba. Da suka isa gulabe, sai suka ɗaga ƙanƙarar da ta rufe su, ta farfashe. Guntaye masu girman mota suka bi ruwa, suna tokarewa a ƙarƙashin kadarko su toshe hanya, ruwa ya taru baya, sa'an nan ya ɓalle da ƙarfi.

Da asubar 14 ga wata madatsar ruwa ta Sifensa, bisa gulbin Nayobarara, ta karye. An gina ta tun 1927 domin samar da lantarki. Ma'aikatan da ke gadi sun tsira da kyar. Wani mutum da gidansa ke ƙasa da madatsar, ruwa ya tafi da shi da gidan, ba a ga gawarsa ba. Kusa da garin Kolombus wani manomi ya hau taraktarsa don ya ceto wanda ruwa ya tsare, kadarko ya rufta da shi, ya rasu. Garin Firimon mai mutum wajen 26,000 ya zama tsibiri tsakanin Filat da Elkon, sai da ƙananan jiragen sama aka riƙa kai masa cimaka da magani. Har sansanin sojan sama na Ofat, kusa da Omaha, kashi ɗaya cikin uku nasa ya nutse.

Garke da rumbu

Wahala mafi tsanani ta faɗa bisa makiyaya, domin Maris lokacin haihuwar shanu ne a can. Maraƙin kwana biyu ba ya jure ruwan ƙanƙara ko na sa'a guda. Waɗansu ruwa ya tafi da su, waɗansu sanyi ya kashe su a yamma inda guguwa ta binne garka. Shanun da suka hau tudu suka tsira, sai yunwa ta tasam musu, don ciyawar da aka tara ta jiƙe ko ta bi ruwa. Sojojin jahar suka riƙa jefa musu damman ciyawa daga jirage masu saukar ungulu. Manoma daga waɗansu jahohi suka ɗoro ciyawa bisa manyan motoci suka kawo kyauta.

Zancen rumbu ya fi ban tausayi. A shekara ta 2018 rigimar ciniki ta shiga tsakanin Amurka da ƙasar Sin, Sin ta ɗora haraji na kashi 25 cikin 100 bisa waken soyan Amurka, kuɗinsa ya faɗi. Manoma da yawa suka ƙi sayarwa, suka zuba amfanin gonarsu cikin rumbunan ƙarfe suna jiran farashi ya tashi, kamar yadda kowane manomi mai hankali zai yi. Da ruwan Misuri ya karya ganuwar ƙasa da ke tsare shi, a Nebraska da maƙwabciyarta Ayowa, sai ya shiga rumbunan ta ƙasa. Wake da masara suka sha ruwa suka kumbura, ƙarfe ya tsage, hatsi ya zube yana ruɓewa a fili. Wanda bai zube ba ma, doka ta hana a sayar da hatsin da ruwan ambaliya ya taɓa, saboda ƙazanta da maganin gona da ruwan ya kwaso. Inshorar amfanin gona kuwa tana tsare shuka ne tana gona, ba ta san da abin da ke cikin rumbu ba. Sai cikin watan Yuni majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar agaji wadda ta haɗa da hatsin ajiya.

Gwamnan jahar na lokacin, Pete Ricketts, ya ba da ƙiyasin farko na ɓarna: dalar Amurka miliyan 400 wajen shanu, miliyan 440 wajen amfanin gona, miliyan 449 wajen hanyoyi da kadarko da ganuwa. Da ruwa ya janye ya bar yashi bisa gonaki, wani wuri har ƙugu. Ruwan bazara kuma ya ci gaba da zuba, har a ƙasar baki ɗaya kusan hekta miliyan 8 suka kwana ba shuka a wannan shekara.

A 2020 masanan da aka sa su binciki karyewar madatsar Sifensa suka fid da rahotonsu. Sun ce ƙanƙara ce ta toshe ƙofofinta, ruwa ya hau bisa ganuwa ya cinye ta. Sun kuma gano cewa ƙanƙara ta taɓa karya madatsar a 1935, ta sake yi mata ɓarna a 1960 da 1966, amma labarin ya ɓace cikin tsofaffin takardu, masu aiki da ita ba su san shi sosai ba. A lissafin hukuma ba a sa ta cikin madatsun da karyewarsu za ta iya kashe mutum ba, don haka ba a tanadi tsarin gargaɗin mutanen da ke ƙasa da ita ba. Ba a sake gina ta ba.