Ganuwar Kano Da Ke Jos Da Masu Zanen Wasannin Kwamfuta

Daga Jos

Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan, ko da iyayensa Kanawa ne ko Zage-zagi, mai yiwuwa ne ya kai shekara goma sha biyar bai taɓa shiga zauren ƙasa ba, bai kuma san abin da ake kira zanko ba. Abin mamaki shi ne, yau irin wannan yaro yana iya fara ganin garin kakanninsa a cikin wasan kwamfuta, wanda waɗansu masu zane suka zana daga can ƙasashen Turawa.

Cikin watan Agusta na 2021 kamfanin Microsoft na Amurka ya yi wa wasansa mai suna Age of Empires III ƙari, ya shigar da Hausawa da Habashawa. A cikin wasan mutum yakan kafa gari, ya tara dukiya, ya ɗaura yaƙi. Shugabar Hausawa ita ce Sarauniya Amina ta Zazzau, cikin mayaƙanta kuwa har da barade masu lifidi da Fulani 'yan baka. Cikin Fabrairu na 2025 kuma wani kamfani, Firaxis, ya fito da wasan Civilization VII, nan ma ga Amina cikin jerin shugabannin duniya.

To, yaya ake yin irin wannan zane? Aikin hawa-hawa ne. Da farko sai an yi bincike, a tara hotunan tufafi da makamai da gine-gine. Daga nan mai zane ya zana abin a takarda ko a allon kwamfuta, ya yi ta sakewa har a amince da guda. Sai wani ya karɓa ya sassaƙa shi cikin kwamfuta, ya ba shi tsawo da faɗi da kauri, kamar yadda mai ginin tukunya ke yi da yumɓu. Wani ya shafa masa launi, yadda bango zai fito da kamannin yaɓe, riga kuma ta fito da kamannin saƙi. In mutum ne ko doki, sai a sa masa waɗansu gaɓoɓi a ciki kamar ƙasusuwa, don ya iya tafiya da sukuwa. Daga ƙarshe a daidaita haske da inuwa. Kwamfuta kuwa takan sake zana hoton sau 30 ko 60 cikin daƙiƙa guda, shi ya sa ido ke ganin motsi.

Duk cikin matakan nan, na farko shi ne ginshiƙi. Mai wasa daga sama yake hango gari, gidaje ƙanana ƙwarai, saboda haka tilas mai zane ya zaɓi alama ɗaya ko biyu da za a gane gini da su nan take, kamar zankwayen da ke kusurwar soro, ko dagin da ke goshin zaure. Wanda bai san ginin ba sai ya zaɓi alamar da ba ita ba, ya haɗa Kano da Timbuktu ya ce duk ɗaya ne. Fuskar Amina dai babu wanda ke da hotonta, kowane mai zane ƙiyasi yake yi. Amma gini ana iya auna shi, kuma a nan ne maganar Jos ta shigo.

Gidan kayan tarihi na Jos, wanda ke tsakiyar gari dab da gidan namun daji, an buɗe shi cikin 1952 ta ƙoƙarin wani Bature mai suna Bernard Fagg, musamman don adana kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka riƙa tonowa. A harabarsa akwai wani fili da aka keɓe wa gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wanda ya tsara shi wani masanin gini ne ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, wanda ya zo Nijeriya cikin 1958, ya yi shekaru yana zagaya garuruwa da ma'aikatansa suna auna fadoji da masallatai da gidaje. Cikin shekarun 1970 aka shiga gina kwatankwacin waɗansu daga cikinsu a Jos, da ƙasa, da hannun magina na gargajiya. Ya rasu cikin 1982, aka buga littattafansa guda uku na awon gine-ginen cikin 1990.

Wanda ya shiga filin nan zai ga wani yanki na ganuwar Kano, zai kuma ga kwatancin Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. A nan mai zane zai fahimci abin da hoto ba ya faɗa masa. Alal misali, azara da ake tsagowa daga giginya gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Don haka magina suka riƙa ɗora gajerun azara bisa juna, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, suna ɗaurewa suna yaɓewa, har bakan gizo ya haɗu a sama. Wanda ya san wannan ba zai zana bakan gizo siriri kamar na ƙarfe ba. Zai kuma san dalilin da ya sa bangon tubali ke da kauri a gindi ya tsuke a sama, da dalilin da ya sa indararo ke miƙowa nesa da bango.

Sai dai fa ginin ƙasa ba ya son sakaci. In damina ta wuce ba a yi masa yaɓe ba, ta gaba sai ta ci rabonta, ruwan Jos kuwa ba kaɗan ba ne. A garuruwan asali ma siminti ya ci yawancin tsofaffin soraye, har shi kansa masallacin Zariya an sāke masa fasali cikin shekarun 1970. Masu wannan sana'a ta gini kuma kullum raguwa suke yi.

Ga kuwa wata dabara da masu yin wasanni ke amfani da ita yanzu: a zagaya gini a ɗauki hotunansa ɗaruruwa ta kowace fuska, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffarsa daidai, har da tsagar bango. Wayar hannu mai kyau tana iya ɗaukar hotunan, manhajar sassaƙa da ake kira Blender kuma kyauta ce. Jos ba ta rasa masu koyon aikin hoto ba, gama nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da aka kafa cikin 1979, da makarantarta ta koyon aikin fim, ga kuma jami'a.

A Ikko an riga an fara. Kamfanin Maliyo, wanda Hugo Obi ya kafa cikin 2012, ya yi wasannin waya a kan zaman yau da kullum, ɗaya ma sunansa Aboki Run, sunan da duk ɗan Arewa mazaunin Kudu ya saba ji a kasuwa. Ashe ko 'yan Arewa sun zana kansu ko ba su zana ba, za a zana su.

Saboda haka magidancin da ya taso daga Anacha ko Fatakwal zai tafi gida Salla ta hanyar Makurɗi da Akwanga, ba zai yi asara ba in ya yada zango a Jos, ya kai yaransa su tsaya ƙarƙashin bakan gizo, su ɗaga kai su duba. Gani ya kori ji. Wataƙila cikin yaran nan, wanda ake yi wa faɗa kullum don ya cika zane-zane a bayan littafin makaranta, shi ne zai zana Zazzau yadda take.