Funfunar da Itacen Fayin Ba Ya Rayuwa Sai da Ita

Ma'aikatan gandun daji a tsibirin Fuwato Riko sun shafe shekaru fiye da ashirin suna shuka fayin, itacen nan mai ganye siriri kamar allura, amma abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Iri yakan tsiro lafiya lau, ya ɗan tashi, sai ganye ya koma ruwan ɗorawa, dashen ya tsumbure, a ƙarshe ya mutu. An zuba taki, an yi ban ruwa, duk a banza. Sai a 1955 aka ɗebo ƙasa daga gindin itatuwan fayin a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka zuba wa wasu dashe a yankin Maricao. Waɗanda suka samu suka miƙe, sauran suka ci gaba da lalacewa.

Abin da ƙasar da aka ɗebo ta zo da shi wata funfuna ce, dangin naman kaza, wadda ke zaune a jikin saiwa. Masanin tsirrai na Jamus Albert Bernhard Frank ne ya raɗa wa wannan zaman tare suna maikoriza a 1885. Funfunar tana lulluɓe kan ƙananan saiwoyi, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin halittar ɓawonsu ba tare da ta huda su ba, sannan ta baza zare masu matuƙar siranta cikin ƙasa. Zaren yana shiga kafofin da saiwa ba za ta iya shiga ba, ya jawo ruwa da sinadaran fosfaros da naitirojin ya miƙa wa itace. Shi kuma itacen ya biya ta da sukarin da ganyensa ke haɗawa da hasken rana. Matsalar ita ce ƙwayar iri ba ta tafiya da funfunar. Wanda ya kai fayin ƙasar da bai taɓa fitowa ba, rabin kayan kawai ya kai.

Nijeriya ma ta sha wannan darasi. Fayin baƙo ne a nan, an kawo shi don katako da kuma yin takarda, kuma gonakin gwaji irin na Afaka kusa da Kaduna da Miango a tudun Jos sun dogara ne ga ƙasar da ke ɗauke da funfunar. Sai dai zafi yana da nasa hukunci: funfunar da ta dace da tudu mai sanyi takan gaza a kwari mai zafi. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga wani nau'i mai suna Pisolithus, wanda Donald Marx na hukumar gandun dajin Amurka ya yi aiki a kai a shekarun 1970. Wannan nau'in yana jure zafi da ƙasa mai tsami, har kufan ma'adinan kwal an farfaɗo da taimakonsa.

A wurin rainon dashe, hanya mafi arha ita ce a kankaro ƙasar sama daga ƙarƙashin tsohuwar gonar fayin, a gauraya kaɗan da ƙasar da ake cika leda. Tana aiki, amma tana iya jawo cutar saiwa da tsutsotsi da irin ciyawa. Wasu sukan dasa fayin da ya riga ya kamu a tsakiyar fangali don funfunar ta yaɗu zuwa maƙwabta. Masu hali kuma sukan tara ƙurar naman kazan da funfunar ke fitarwa, su dama da ruwa su yayyafa, ko su raini funfunar tsantsa a ɗakin gwaji.

Abin takaici, mai raino yakan ɓata aikin da hannunsa. Takin zamani in ya yi yawa, musamman mai fosfaros, dashen ba ya karɓar funfunar yadda ya kamata, wasu magungunan feshi kuma kashe ta suke yi. Irin wannan dashe yana da kyan gani a leda, sai an kai shi fili ya sha wuya.

Gane wanda ya kamu ba wuya. A zaro dashe ɗaya daga leda, a wanke ƙasar a hankali. In kan saiwoyin gajeru ne, sun ɗan kumbura, sun rabu biyu biyu, ga zare fari ko ruwan ɗorawa a jikinsu, to dashen ya isa kaiwa gona.