Madatsin Kara Don Lambun Makaranta

Kowa ya taɓa riƙon lambu a Azare ya san ba shuka ke da wuya ba, ban ruwa shi ne aikin. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ya yi mata yawa. Damina kuwa ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara sai hunturu da iskarsa, sa'an nan bazara da zafinta. Mutanen tsohon garin Katagum suna da kogin Jama'are a gindinsu, ga kuma fadamu. Amma Azare, inda aka komo da gadon sarauta cikin 1916, a kan tudu ta ke, nesa da kogi, ko wane tulun ruwa sai an jawo shi daga rijiya ko famfo. Ka ba fangali ruwa da safe, kafin azahar ya bushe ƙayau, sai ka ce ba a zuba kome ba.

Maganin wannan shi ne lulluɓi, watau a rufe fuskar fangali da busasshen kara ko ganye, yadda rana ba za ta taɓa ƙasa tsirara ba. Amfaninsa huɗu ne. Yana tsare laima, yana sanyaya ƙasa don kada saiwa ta ƙone, yana danne ciyawa, in ya ruɓe kuma ya zama taki. Masu binciken aikin gona na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai cikin ƙasar Nijar, sun gwada shimfiɗa karan gero tan 2 a ko wace hekta. Suka tarar yashin da iska ke kwashewa ya ragu ƙwarai, geron kuma ya fi na filin da aka share tas. Ƙasarsu kuwa 'yar'uwar tamu ce, yashi ne kamar namu.

To, amma gona daban, lambu daban. Dogon kara ba ya kwanciya cikin fangali. Sai ya yi gicciye a kan shuka, ya karya albasa da tumatir, rana kuma ta riƙa leƙawa ta tsakaninsa. In aka daddatsa shi guntu-guntu sai ya kwanta lif kamar tabarma. Akwai kuma wata riba. Tsutsar nan da ke huda karan dawa da gero, cikin busasshen kara ta ke yin rani, tana jiran ruwan fari. Karan da aka datse aka baza a rana ba ya yi mata daɗin zama, da yawa su kan mutu. Sai dai datsa da adda a kan gungume aiki ne mai cin lokaci, yana kuma cin yatsun yara. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana malamai da ɗalibai yadda a ke yin madatsi, wanda ba ya bukatar mai ko lantarki, kuma ko wane maƙerin ƙauye yana iya taimakon mutum ya haɗa shi.

Ga kayan da za a nema:

1. Katako uku, tsawon ko wane ƙafa 3, faɗinsa inci 6.
2. Turaku huɗu na ƙafafu, da wani kakkauran turke guda na riƙon wuƙa.
3. Falle ɗaya na tsohon sifirin mota, ko babbar adda mai nauyi.
4. Guntun ƙarfen tsohon gado, tsawon inci 10.
5. Ƙusa mai noti, kaurin rabin inci, da noti biyu, da washa biyu, watau 'yan fayafayan ƙarfe masu huda kamar kwabon da.

Da farko a haɗa katakon nan uku su zama kamar indararo, ɗaya a ƙasa, biyu a gefe. A ɗora shi bisa ƙafafunsa, tsayinsa ya zo wa mai aiki daidai ƙugu. Cikin wannan indararo ne kara zai kwanta. A bakinsa na gaba a kafe ƙarfen gadon nan daga ƙasa, gefensa ya yi daidai da bakin katako.

Sa'an nan a kai sifirin wurin maƙeri ya miƙe shi, ya huda shi a kai ɗaya, ya sa masa ƙota a ɗaya kan. Daga huda zuwa inda hannu zai kama ya zama inci 30. A gaya masa ya wasa gefe ɗaya kaɗai, ɗaya gefen ya bar shi a shafe. Wannan shi ne asirin abin, don shafaffen gefen ne zai riƙa gogar ƙarfen gado, su biyu su yi aiki irin na almakashi. In akwai rata tsakaninsu, wuƙa sai ta tauna kara maimakon ta yanke shi.

A kafa kakkauran turken dab da bakin indararo ta gefe, a haɗa su da ƙusa don kada su rabu. A ɗaura kan wuƙa a jikinsa da ƙusa mai noti, washa ɗaya ciki ɗaya waje. A matse noti na farko har wuƙa ta daina rawa amma tana hawa da sauka, a bi shi da na biyu ya danne shi. A lura tsakiyar indararo kada ta wuce inci 6 daga ƙusar. Ga dalili, kuma darasi ne na lissafi ga 'yan aji. Hannu yana inci 30 daga ƙusa, kara yana inci 6. Raba 30 gida 6, ka sami 5. Watau ƙarfin da yaro ya sa a ƙota ya kan ninka sau biyar a kan kara.

Saura abu guda wanda ba a wasa da shi. A buga wani guntun katako ya rufe saman indararo tun daga baki har ƙafa ɗaya baya, don hannun mai tura kara ya tsaya can. Ƙarshen kara da sanda a ke tura shi. Mutum biyu ke aiki, ɗaya na turawa, ɗaya na sara, ba a yarda na uku ya sa hannu ya kwashe ba sai wuƙa ta kwanta. In an tashi aiki a kwance wuƙar a kai ta ofishin malami. Rigakafi ya fi magani.

A tura kara biyar ko shida gaba ɗaya, a datse su tsawon inci 2 zuwa 3. Ni na fi son a yayyafa musu ruwa tun daren jiya, don su yi laushi, ƙura kuma ta ragu. Wajen shimfiɗawa, a fara cire ciyawa, a zuba taki, a ba da ruwa sosai, kana a baza datsin kaurin yatsu uku. Kada a binne shi cikin ƙasa. Busasshen kara in zai ruɓe ya kan ja abincin da ganye ke bukata daga ƙasa, sai ka ga shuka ta yi rawaya. A bar shi a sama, taki a ƙarƙashinsa. Kada kuma a rufe irin da bai tsiro ba, a jira sai ya kai tsawon yatsa.

Na san wani zai ce, ina batun gara? Lalle za ta zo. A bar rata kamar faɗin tafin hannu tsakanin datsi da gindin shuka, a riƙa dubawa. Amma ba duk aikinta ne ɓarna ba. Yacouba Sawadogo, manomin nan na Yatenga a Burkina Faso wanda ya rasu cikin 2023, da gangan ya ke jawo gara cikin ramukan shukarsa da taki, don hanyoyin da ta ke haƙawa su ne ke shigar da ruwa cikin ƙasa mai tauri. Da haka ya mai da fako ya zama daji.

Wani kuma zai ce kara ai yana da masu shi. Gaskiya ne, da shi a ke darni da rumfa, shi a ke ba shanu, shi mata ke hura wuta. Ba na cewa a ƙwace wa dabba abincinta. A nemi tsohon darnin da aka sauke, da ragowar da shanu suka tattake, da karan masara da na kuɓewa, da ganyen dogon yaro da a ke sharewa a filin makaranta ko wace safiya. Waɗannan duka wuta a ke sa musu, alhali ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984 ba ta da abin ƙonawa.

Yawancinku ƙauyuka za a tura ku, Madara ko Chinade, Gadau ko Sakwa. In kun je, kada ku tsaya ga faɗi da baki. Ku sa yara su yi fangali biyu daidai wa daida, iri ɗaya, ruwa ɗaya, a lulluɓe ɗaya a bar ɗaya. Ko wace rana da azahar yaro ya tura yatsa cikin ko wanne, ya rubuta abin da ya ji cikin littafinsa, a kuma ƙidaya bokitin ruwan da ko wanne ya sha har a cire amfani. Ran da za a auna, ku gayyato iyayen yara da maƙerin da ya ƙera wuƙar su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu sa'a, amin.