Gargaɗi: Bakinmu Ake Rufewa, Mu Farka!

Jama'a, ku saurara. Yaushe rabonku da faɗin gaskiya a majalisa ba tare da kun waiga ba? Saƙo nawa kuka rubuta a waya, kuka goge don tsoron abin da za a ce?

Marubuta sun daɗe da hango wannan ciwo. A 1949 George Orwell, ɗan Ingila, ya fitar da littafinsa 1984. Aikin Winston Smith a ciki shi ne sauya tsofaffin jaridu, domin abin da hukuma ta faɗa yau ya zama shi ne tarihi. Akwai allon da ke leƙen mutum har cikin ɗakinsa. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maƙwabcinsa Parsons, mutum mai biyayya, wanda 'yar cikinsa ta kai ƙararsa saboda maganar da ya yi cikin barci. Da aka kulle shi, alfahari yake yi da ita! Tsoro ya riga ya shiga gida, ya raba uba da 'yarsa.

A 1953 Ray Bradbury na Amurka ya fitar da Fahrenheit 451. 'Yan kwana-kwana ne ke ƙona littattafai a ciki. Ku lura da kyau: mutane ne suka fara watsar da karatu da kansu, kafin hukuma ta zo da ashana. Matar Montag, jarumin littafin, ita ma tana cikin waɗanda suka tona masa asiri.

Za ku ce labarin Turawa ne? To ku tuna. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano. A Yunin 2021 gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. An sha kama 'yan jarida da dokar laifukan intanet ta 2015. Mu nawa muka ɗaga murya? Mu nawa muka ce ba ruwanmu?

Ga kuma namu na cikin gida. Yaro ya yi tambaya a aji, a ce masa mara kunya. Mutum ya saɓa wa ra'ayin taro, a yi masa ca a Facebook har ya janye. Kunya ado ce, na yarda, amma tsoro ya saci rigarta yana yawo a cikinmu. Duk shekarar da ta wuce a haka, yara na tashi suna ɗaukar shiru a matsayin tarbiyya. Idan suka girma, wa zai tambayi mai mulki?

Kada ku jira gobe. Ku karanta. Bala Abdullahi Funtua ya mayar da wani littafin Orwell Hausa tun 1975, Gandun Dabbobi. Ku nemo shi, ku karanta wa 'ya'yanku. Ku bar yaro ya yi tambaya. Ku tsaya wa wanda aka taru a kansa saboda ra'ayi, ko da ba ku yarda da shi ba. Yau za ku fara, jama'a, yau ɗin nan!