Me Ya Haɗa Kwastan Da Kuɗin Cefane?

 

A cikin shekarar 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha, wata maƙwabciyata ta shigo mini bayan magariba ranta a ɓace. Wai maigidanta ya ce ba ta da tattali, don kuɗin cefanen da suke kai su Juma'a yanzu tun Laraba sun ƙare. Na zaunar da ita, na ɗauko takarda da biro, muka lissafa kwanon shinkafa da kwalbar mai da sabulu, farashin da da na lokacin. Sai muka ga babu almubazzaranci ko na kwabo. Kuɗin ne suka rasa albarka. Saura ƙiris aure ya girgiza a kan laifin da ba nata ba, ba kuma nasa ba.

To, 'yar'uwa, wannan ne ya sa yau nake son mu tattauna a kan dokokin shigowa da kaya da fitar da su. Kada ki ce wannan zancen maza ne da 'yan kasuwa. Abin da aka zartar a Abuja, aka aiwatar a tashar jirgin ruwa ta Apapa ko a iyakar Jibiya, a tukunyarki yake ƙarewa.

MAKULLAI UKU

Kowace gwamnati tana da makullai uku da take riƙe ƙofar ƙasa da su. Na farko shi ne kuɗin fito, watau harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su. Ɗan kasuwa ya biya a bakin ruwa, ya ɗora wa mai sari, mai sari ya ɗora wa mai awo, mai awo kuma ya ɗora miki. Na biyu shi ne hani, watau a ce kaya kaza ba za su shigo ba sam, ko ba za su fita ba. Na uku shi ne kuɗin ƙasashen waje. Mutanen Tailan da Indiya ba sa karɓar Naira a bakin shinkafarsu, sai Dala. In Dala ta yi tsada, duk abin da ya ƙetaro teku sai ya yi tsada, har da takin zamani da ƙarfen injin da manominmu ke bukata. Shi ya sa kike ganin 'yar gida ma tana bin 'yar waje wajen tashi.

TARIHIN KWANON SHINKAFA

Ki tambayi kakarki, za ta gaya miki da can shinkafa abincin Sallah ce da biki. Tuwon dawa da na gero su ne na kullum. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, sai aka shiga jibgo shinkafa daga waje da araha, har baki ya saba. Da farashin man ya faɗi, sai Dala ta yi ƙaranci, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982. A wannan zamani ba mai shigowa da kaya sai mai lasin. Lasin kuwa ya zama haja, mai uwa a gindin murhu ya samu, ya sayar wa ɗan kasuwa na gaskiya, ribarsa kuma a wuyan mai saye. A 1984 iyayenmu suka yi ta bin dogon layi don madara da sukari da sabulu, abin da ake kira esenko. A shekarar ce kuma aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986.

Janar Ibrahim Babangida ya hana shigowa da shinkafa da masara a watan Oktoba na 1985, kana aka hana alkama daga 1987. A 1986 ya ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP, aka soke lasin shigowa da kaya, aka karya darajar Naira. Kafin nan Naira ɗaya ta kan yi kusan Dala ɗaya, sai ga shi ana neman wajen Naira huɗu kafin a sami Dala. An ɗage hanin shinkafa a 1995, aka maye gurbinsa da kuɗin fito mai nauyi.

Wanda da yawanmu muka gani da idonmu shi ne na baya-bayan nan. A watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya daina ba masu shigowa da kaya iri 41 Dala a farashin gwamnati, cikinsu har da shinkafa da tumatirin gwangwani da tsinken sakace. A watan Nuwamba na wannan shekara Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi. A watan Agusta na 2019 aka sake rufe iyakokin ƙasa, sai a Disamba 2020 aka buɗe huɗu, cikinsu akwai Illela da Maigatari. Da gwamnati ta sauya, rawa ma ta sauya. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, a Oktoba aka janye takunkumin Dala a kan waɗancan kaya, a 2024 kuma Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa.

WA YA CI, WA YA YI HASARA?

A nan ne nake son ki natsu, domin mu mata muna kowane ɓangare. Lokacin da aka toshe ƙofa, manoman Kura da Argungu da Haɗeja sun ga alheri, an kafa injunan casa da yawa, matan karkara masu turara shinkafa sun sami abin yi. Amma matar lebura a birni, wadda ba ta da gona, ita ta biya wannan alheri daga kuɗin cefanenta. Da aka sassauta ƙofa, farashin hatsi ya sauko a 2025, matar birni ta ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya koma kuka. Saboda haka in kika ji an kafa doka ko an janye, tambaya ta farko ita ce, wa zai samu, wa kuma zai biya?

Sannan hani ba ya hana kaya shigowa muddin akwai riba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Shekara da shekaru ana sauke shinkafa a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin, a bi da ita ta barauniyar hanya a kan babura da ƙananan motoci. Gwamnati ta rasa haraji, ke kin biya kuɗin kasada, wani saurayi kuma ya rasa ransa a daji saboda buhu biyu.

DARASIN ATAMFA

Ke mai shirin haɗa lefen ɗanki, ko kin san da can atamfar Kaduna ake yayi? An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, dubban magidanta suna ci daga nan. Masaƙar ta Kakuri ta rufe a 2002, wasu da dama suka bi ta. An sha hana shigowa da yadi, an sha janyewa, amma bai cece su ba. Dalili kuwa, babu isasshiyar wutar lantarki, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya, ga yadin Sin mai araha yana kwararowa har Kantin Kwari, wani ma an kwaikwayi zanen namu. Darasin shi ne, rufe ƙofa kaɗai ba ya raya masana'anta. In ba a gyara wuta da hanya da iri ba, doka takarda ce kawai.

KAYAN DA MUKE FITARWA

Dokar fitar da kaya ma ta shafe mu. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, hukumar ciniki ce ke yanke farashin gyaɗa da auduga, ta saya a hannun manomi ƙasa da yadda za ta sayar a Turai. An rushe waɗannan hukumomi a 1986. A watan Agusta na 2025 kuma gwamnati ta ba da sanarwar hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida. Manufa ita ce a tatsi man a gida, a fitar da shi da daraja, domin Turawa suna sa shi a cakulan da man shafawa. Manufar ba ta da laifi. Amma da masu saye daga waje suka janye, farashi ya faɗi a ƙauye, mai tsintar kaɗanya kuwa mace ce, a jihohin Neja da Kwara da Kebbi, wadda ke fita daji tun asuba. Ya kamata kafin a kafa irin wannan doka a ji ta bakinta.

TO, MENE NE NAMU?

Na ɗaya, ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta farashin abin da kika saya da kwanan wata. In ba ki iya rubutu ba, 'yarki ta rubuta miki. Ran da maganar cefane ta tashi, ki nuna wa maigida cikin ladabi. Takarda tana kashe gardamar da rantsuwa ba ta kashewa. Maƙwabciyata haka ta yi, aka kuwa zauna lafiya.

Na biyu, kada ki kashe rediyo in an zo labarin kasafin kuɗi ko na kwastan. In an ce za a hana kaya, ki san zai tashi. In an ce za a ɗage haraji, ki san zai iya sauka.

Na uku, ajiyar hatsi da kaka dabara ce mai kyau don cin gida, ko da kuɗin adashi. Amma kada ki ci bashi ko ki sayar da 'yan kunnenki don ki ɓoye hatsi ki jira tsada. Sanarwa ɗaya tana iya karya farashi, waɗanda suka yi haka a kakar 2024 da yawa sun ji a jikinsu.

Na huɗu, ki yi hattara da kayan fasa-ƙwauri da za su shiga ciki ko su hau fata. Kajin ƙanƙara da suka kwana a hanya cikin zafi, da man bilicin, da magani marar lambar hukumar NAFDAC, arharsu ba ta kai kuɗin asibiti ba. Ki shinshina shinkafa kafin a auna miki, kada kyan buhu ya ruɗe ki. 'Yar gida in an rege ta da kyau ba ta da abin kushewa. Ki kuma ja kunnen ɗanki da ƙanenki a kan ɗaukar kayan dare a bakin iyaka.

Na biyar, in masu neman ƙuri'a sun zo da turmin atamfa da sabulu, ki tambaye su hanyar da za a fito da amfanin gona, da wuta, da injin casa na ƙungiyar mata.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe lissafi da ilmin tattalin arziki da kyau. Tun watan Maris na 2021 mace 'yar Nijeriya, Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a birnin Janiba, ita ce mace ta farko kuma ta farko daga Afirka. Yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a 2019, tana bukatar masu ilmi da za su san yadda kilishinmu da zoɓorodo da man kaɗanya za su shiga kasuwar Akara da Nairobi ta ƙofar gaba. Me zai hana wata daga cikinku ta zauna a teburin da ake yanke irin wannan shawara? Wadda ta taɓa auna kwano ta ga bai kai ba, ba za ta sa hannu a doka da garaje ba.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto wa wannan fili. Allah ya yalwata wa mazajenmu, ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu.