Aikin Injiniya da Kimiyya: Inda Hanyar Matashi Take Farawa

Aikin injiniya shi ne a ɗauki abin da kimiyya ta gano game da ruwa da ƙasa da ƙarfe da wuta, a auna, a lissafa, sannan a gina ko a ƙera abin da zai yi wa jama'a aiki ya kuma daɗe yana yi. Masanin kimiyya yana bin diddigin dalilin da ya sa abu yake yadda yake. Injiniya kuwa damuwarsa ita ce yaya za a yi, nawa zai ci, kuma wane nauyi zai iya ɗauka kafin ya karye.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta isa misali. Kafin a juye tifar ƙasa ta farko sai da aka san yawan ruwan saman da ke sauka a yankin, da yawan wanda Kogin Kano ke kwasowa a shekarar da damina ta yi ƙarfi, da irin ƙasar da za ta riƙe ruwa ba tare da ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashi ba. Shinkafa da alkama da tumatirin da ake nomawa da rani a Kadawa da Kura, da wani kaso na ruwan famfon birnin Kano, duk daga wannan lissafi suka fito. Kuma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka yanke ƙyalle. Madatsa tana buƙatar mai duba tsagewa, mai auna ruwan da ke yoyo, mai sanin lokacin da za a buɗe ƙofa a rage mata nauyi. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare ɗaya, mutane da dama suka fahimci cewa rayuwar gari guda tana iya rataya a kan ingancin bango ɗaya.

Yawancin manyan ayyukan da Arewa ke tinƙaho da su kamfanonin waje ne suka gina. Italiyawa ne suka yi madatsar Kainji da aka gama a 1968, su ne kuma suka yi ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato. Layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 aikin wani kamfanin Sin ne. Babu aibu a ɗauko gwani daga nesa, kowace ƙasa ta yi hakan a farkon tashinta. Matsalar tana zuwa ne bayan ɗan kwangila ya naɗe kayansa ya tafi: injin yana nan, amma wanda ya san cikinsa ba ya nan. Shi ya sa ake ganin famfunan tuƙa-tuƙa da na'urorin asibiti da fitilun kan titi sun mutu saboda ƙaramin gyara, a jira shekara da shekaru.

Wannan fanni kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Kashnawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi a cikin hatimi ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. A zamanin nan akwai Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks da ya duƙufa kan amfani da zafin rana tun lokacin da mutane ke ganin abin wasa ne. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana, kuma sunansa Jami'ar Yamai ke ɗauke da shi yanzu. A littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya dage cewa yaro ya fi fahimtar karatu idan aka fara masa da harshen da ya tashi da shi.

Gwajin da ya fi kowanne nuna abin da ke jawo matasa zuwa kimiyya shi ne wanda Jihar Kano ta yi a 1977. A lokacin jihar tana fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma ɗalibanta kaɗan ne ke cin darussan kimiyya har su samu shiga jami'a. Sai gwamnati ta kafa hukuma ta musamman, ta ware makarantu biyu na kwana, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa. Aka riƙa tace yara masu ƙwazo daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa, aka tanadi ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aiki, aka nemo malamai har daga ƙasashen waje. Daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Cikin shekaru kaɗan ɗaliban waɗannan makarantu suka cika azuzuwan likitanci da injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, har Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi binciken digirinsa na uku a kan shekaru goma na farkon shirin. Abin lura shi ne yaran nan daga gidajen manoma da 'yan kasuwa da malaman zaure suka fito, kamar sauran 'yan uwansu. Abin da ya bambanta shi ne malami yana shiga aji, kayan gwaji suna nan, kuma akwai wanda zai tambaya idan sakamako ya lalace.

Ƙofar shiga wannan fanni tana buɗewa, ko ta rufe, tun da wuri. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ake raba ɗalibai, wasu ajin kimiyya, wasu na adabi, wasu na kasuwanci. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar yakan yanke wannan hukunci shi kaɗai, sau da yawa don bin aboki ko don gudun wani malami mai bulala, iyaye ba su ma san an yi rabon ba. Wanda bai ɗauki fiziks da kemistiri a nan ba, da wuya ya sake samun hanyar komawa.

Babban abin da ke korar yara shi ne lissafi, har ya zama ana kiransa dodon ɗalibai. Amma tsoron yakan samo asali ne daga giɓin da aka bari tun firamare. Lissafi kamar ginin tubali yake: in sahun ƙasa ya karkace, duk abin da aka ɗora sai ya bi karkatar. Yaron da bai ƙware a ninkawa da rabawa da ɓangarorin lamba ba, in ya tarar da aljabara sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Ga kuma matsalar harshe. Ɗalibi yakan iya warware tambaya sarai in aka faɗa masa da Hausa cewa ga tanki mai cin lita kaza, famfo yana zuba kaza a minti ɗaya, minti nawa zai cika. In aka rubuta masa ita da Turanci sai ya tsaya cak, a ba shi sifiri a lissafi alhali Turanci ne ya kayar da shi. Yarinyar da ke tallar gyaɗa tana ba da canji daidai ba tare da alƙalami ba, ita ce kuma za a rubuta wa a takardar sakamako cewa ba ta iya lissafi ba. Malamin da ya ɗauki minti biyar ya fayyace ma'anar tambaya da harshen gida kafin ya koma Turanci ya fi wanda ya cika allo da ƙa'idoji amfani.

Ɗakin gwaji ma haka. A makarantu da yawa ɗalibi yakan gama sakandare bai taɓa riƙe bututun gwaji ba sai makon jarrabawa. Alhali gani ya kori ji: batirin tocila biyu, da guntun waya, da ƙaramin ƙwan fitila sun isa a nuna wa aji guda yadda lantarki ke zagayawa, da dalilin da ya sa fitila ke mutuwa in waya ta tsinke a wuri ɗaya.

Ga wanda ya tsallake wannan mataki, hanyar a Najeriya a bayyane take. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne ake rubutawa a JAMB. Digirin injiniya shekara biyar ne, kuma a aji huɗu ana tura ɗalibi wata shida ya koyi aiki a masana'anta ko ma'aikata a ƙarƙashin shirin SIWES. Tsangayar injiniya ta Zariya ta girmi jami'ar kanta, domin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 gadonta ta yi daga tsohuwar kwalejin da ke wurin. Bayan ta akwai Bayero a Kano, da Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, da jami'ar fasaha ta Minna, da ta Wudil. Ɗaya hanyar ita ce foliteknik, irin ta Kaduna: shekara biyu a samu ƙaramar difloma, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan shekara biyu a samu babbar difloma. Mutane suna raina wannan hanya, kuma rainin bai da tushe, domin ɗan foliteknik sau da yawa ya fi ɗan jami'a sanin hannu. A Nijar, makarantar EMIG da ke Yamai ita ke horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu.

Takardar digiri kaɗai ba ta ba mutum ikon kiran kansa injiniya a hukumance. Sai ya yi wasu shekaru yana aiki a ƙarƙashin gwanaye, sannan hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ta yi masa rajista. Hikimar abin ita ce wanda ya sa hannu a zanen bene ko gada ya ɗauki alhakin rayukan da za su hau. Benen da ya rufta galibi in aka bincika za a tarar an rage rodi, ko an tsawwala yashi a kankare, ko an ƙara hawa a kan tushen da ba a lissafa masa ba.

Akwai kuma dubban matasa da suka riga suka shiga aikin ta ƙofar baya. A kasuwar Panteka ta Kaduna ana narkar da tsohon alminiyam a zuba tukwane, ana ƙera injin niƙa da na sussukar masara da na ɓarar gyaɗa daga ƙarafan da aka zubar. Mai walda a can yana iya kallon inji sau ɗaya ya kwaikwaye shi. Abin da ya rasa shi ne lissafin kaurin ƙarfe da saurin juyawa, shi ya sa injin yakan yi aiki wata shida ya fara cin bel yana karya shaf. Ɗalibin jami'a kuwa yana da lissafin a takarda amma bai taɓa kunna injin walda ba. Ɗalibin da ya yi hutunsa a garejin bakanike ko shagon mai naɗin kwayil ya rage wa kansa shekarun fafutuka bayan kammala karatu.

A gidaje da yawa, da zarar yaro ya nuna ƙwazo a kimiyya sai a ce likita zai zama. Gurbin likitanci kuwa kaɗan ne, don haka yaron da bai samu ba sai a tura shi fiziks ko kemistiri ko aikin gona yana jin kamar an jefar da shi. Ga shi kuwa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru aka fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ya rage wa manomi yawan feshi. A cibiyar bincike ta Shika aka samar da kazar ƙwai mai jure yanayin ƙasar nan. A 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, gwajin jini da na ƙasa ne ya tabbatar da cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma maganin ya haɗa da kankare ƙasar tsakar gida a sauya ta da mai tsabta. Likita ya yi nasa, amma ba don masu ilimin sinadarai da na ƙasa ba, da yaran da aka warkar sun koma cikin gubar. Ko zane ma yana da gurbi: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya fara da karatun zanen gine-gine a foliteknik ta Birnin Kebbi, shi ne ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka.

Mata su ne suka fi ƙaranci a azuzuwan injiniya, kuma dalilin da ake yawan bayarwa, wai aikin ƙarfi ne, ya daɗe da tsufa, tunda yawancin aikin yanzu a kan kwamfuta da teburin zane ake yinsa. Aure ma ba ya rufe ƙofa. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero sai da ta yi aure ta haihu kafin ta shiga jami'a, ta zama masaniyar fiziks mai nazarin sararin samaniya da yanayi, kuma a 2015 ta samu lambar yabo ta Gidauniyar Elsevier da ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa.

Batun samun aiki kuwa bai kamata a yi wa matashi rufa-rufa a kansa ba. Masaƙun Kaduna da yawancin masana'antun Sharaɗa da Bompai sun durƙushe, kuma akwai masu digirin injiniya da ke zaune ba aiki. Guraben da ke buɗewa yanzu sun fi yawa a haɗa wutar sola a gidaje da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, da injinan gyaran shinkafa, da kamfanonin siminti da na taki, da kula da turakun sadarwa, da rubuta manhajar kwamfuta wadda ake iya yi wa kamfanin wata ƙasa daga ɗaki a Gusau ko Damagaram. A irin waɗannan wurare, abin da ake fara tambayar mai neman aiki shi ne ya nuna abin da ya taɓa haɗawa da hannunsa, ko ya lissafa a take faranti nawa da batir nawa za su riƙe firij ɗin alluran rigakafi daga magariba zuwa wayewar gari.